Manhajar ta ƙi ganin fayil ɗinta in script ne ya kira ta

Tambaya: Salam Malam, don Allah a taimaka min. Ina aiki a wata makaranta nan Gusau, muna da 'yar manhaja da ke fitar da sakamakon ɗalibai, tana folda ɗaya da fayil ɗin saitinta. In na danna ta da hannu lafiya lau take tashi, amma da na rubuta script (ɗan gajeren shiri) na Python ya riƙa kiranta sai ta ce wai ba ta ga fayil ɗin ba, alhali ga shi nan kusa da ita ina kallonsa. Mi ke faruwa ne?
Mai karatu daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Manhajarka ba abin da ya same ta, wurin tsayuwarta ne ya canza. Duk shirin da ke aiki a kwamfuta yana da foldar da yake tsaye a ciki, in an ba shi sunan fayil zalla ba cikakken adireshi to nan kawai zai duba. Da ka danna ta da hannu Windows a foldarta yake tsayar da ita, amma in script ne ya kira ta gadon wurin script ɗin take yi, shi ya sa take lalube inda ba komai.

Maganin layi ɗaya ne, a cikin script ɗin ka kira ta haka:

subprocess.run([r"C:\Sakamako\fitar.exe"], cwd=r"C:\Sakamako", check=True)

Wannan cwd ɗin shi ke ce mata ga inda za ki tsaya. Ka lura na rubuta cikakken adireshin exe ɗin, wato fayil ɗin manhajar, da gangan ne, don a Windows cwd ba ya taimakawa wajen nemo manhajar kanta, sai ta tashi tukun yake aiki.

Wasu za su ce ka sa os.chdir, umarnin Python na canza foldar tsayuwa, kawai ka huta, ni dai gaskiya ba na so, don script ɗin gaba ɗaya yake kwashewa ya kai can, daga baya ka ga sakamakon JSS 2 ya faɗa foldar da ba ka nufa ba ka wuni kana nema ga iyaye suna jiran kati.

Sannan in za ka ɗora manhajar kai tsaye a Task Scheduler, mai tayar da shirye-shirye a kan lokaci a Windows, ta riƙa tashi da kanta, akwai akwatin Start in, ka cike shi da adireshin foldar kuma kar ka sa masa alamar zance. In ka bar shi fayau daga System32, foldar Windows, za ta tashi, matsalar nan ta dawo maka sabuwa.