Amsa: me ya sa saƙo ke zagawa ta Landan kafin ya isa Abuja?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa saƙon intanet ba ya bin gajeriyar hanya, alhali na'ura ce ke zaɓa masa. Shekara 11 ke nan ina aikin haɗa layukan intanet a Kano, kuma abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wata rana wani mai shagon kwamfuta a Sabon Gari ya kira ni, wai shafin da yake yi wa ɗalibai rajista, wanda ke ajiye a Abuja, sai jan ƙafa yake yi. Na zauna kan bencinsa na bi sawun saƙon da traceroute, wata manhaja da ke nuna wuraren da saƙo ke ratsawa. Sunayen suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: Kano, Legas, Landan, sannan ya juyo Legas ya nufi Abuja. Mai shagon ya riƙe baki.

Ba wata na'ura guda da ke riƙe da taswirar intanet gaba ɗaya tana rarraba hanyoyi. Kamfanoni ne dubbai, kowanne da gidansa, suna sanar da maƙwabtansu ta wani tsarin sanar da hanyoyi da ake kira BGP cewa ga wuraren da za su iya kai kaya. Idan hanyoyi suka yi yawa, kamfani kan fara duba aljihu: ta wanda ke biyan sa ita ce ta fari, sai ta wanda suka yi yarjejeniyar musaya kyauta, ta wanda shi ke biya kuwa sai in dole. Bayan haka ne ake duba tsawo, shi ma yawan kamfanonin da za a ratsa ake ƙirgawa, ba kilomita ba. Kamfanin mai shagon da na shafin ba su haɗu a gida ba, sai a Turai. Don maganin irin wannan aka kafa cibiyar musaya ta IXPN a Legas a 2006, inda kamfanonin intanet na cikin gida ke haɗuwa su miƙa wa juna saƙonni.

Abin da ya fi damuna shi ne tsarin ya ginu kan yarda. A watan Fabrairun 2008 kamfanin Pakistan Telecom ya sanar da hanyar ƙarya zuwa YouTube don toshe shafin a cikin ƙasarsa, sanarwar ta tsallake waje, duniya ta gaskata, shafin ya ɓace wajen awa 2.

Shi kuwa mai shagon, mun sauya masa layi zuwa kamfanin da ke musaya a cikin gida. Da na sake bin sawu washegari, daga Legas saƙon ya juya.