Amsa ga ɗalibin da zai je ziyarar karatu Kuala Lumpur

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kai ɗan wani ƙauye ne a gefen Ringim, sashenku na jami'a zai kai ku Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya ziyarar karatu ta mako uku, ba ka taɓa hawa jirgi ba, kana tambayar ta ina za ka fara. Allah ya sanya albarka. Fara da takardu, don su ne ke hana mutum tafiya, kaya kuwa ko ana gobe tashi sai a haɗa.

Fasfo ɗinka ya zama yana da sauran aƙalla wata 6 daga ranar da za ka sauka. In sabo za ka yi, ka fara duba NIN ɗinka: suna da ranar haihuwa su zo daidai da na takardun makaranta, harafi da harafi. Mu mutanen karkara nan ne muke yawan makalewa. A firamare an rubuta Muhammadu, a NIN Mohammed, ga sunan gari an liƙa a ƙarshe. Gyaran kan ci makonni, biza kuma ba a nemanta sai fasfo ya fito. Ɗan Najeriya ba ya shiga Malesiya sai da biza, ofishin jakadancinsu yana Abuja, kuma wasiƙar gayyata daga jami'ar can ita ce ginshiƙi. Ka matsa wa malamin da ke jagorantar tafiyar ya ba ka kwafinta, ka buga a takarda, kada ka dogara da waya.

Sai katin rigakafin shawara. Ana yi a sashen lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya yi ana jibi tashi, katinsa takarda ce kawai. Kada ka sayi na bayan fage. Cikin kwana 3 kafin sauka kuma akwai fom ɗin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet, MDAC, kyauta ne, duk shafin da ya nemi kuɗi ka rufe shi.

Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, za ku yada zango a Adis Ababa ko Doha. Duk wanda ya ce ka riƙe masa saƙo zuwa can, ko ɗan'uwa ne, ka buɗe a gabansa ko ka ba shi haƙuri. Dokar ƙwaya a ƙasar tana iya kai mutum ga hukuncin kisa, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ta fitar da kowa. Tiramadol da maganin tari mai kodin kada su kusanci jakarka. Kilishi ma ka bar shi a gida, ana ƙwace nama. Garin kwaki da yaji a leda mai rufi sun wadatar.

Yanzu zafi. Za ka ji an ce 32 ko 33 ne da rana, ka yi dariya, kai da ka saba da 42 a watan Afrilu. To ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Can iska jiƙe take, gumin zama yake a jiki, riga ta manne a baya tun kafin ka kai bakin titi. Shadda mai sitaci ɗaya ta Juma'a ta isa, sauran ka ɗauki yadi marar nauyi. Wanki ba ya bushewa a yini ɗaya kamar a igiyar tsakar gida, in ka cusa shi a jaka da danshi sai ya yi fumfuna. Ruwa yakan sauko da la'asar da tsawa, don haka ƙaramar lema ta zauna a jakarka. Abin mamaki, har rigar sanyi za ka buƙata, don ɗakunan lacca da jiragen ƙasa sanyinsu kamar hunturu.

Sauron can mai kawo zazzabin dengi da rana yake cizo, musamman da safe da yamma, saboda haka gidan sauro kaɗai ba ya tsare ka. Ka sayi man shafawa na korar sauro. In zazzabi ya kama ka, farasitamol kawai za ka sha, ban da asfirin da ibuprofen, don in dengi ne suna ƙara haɗarin zubar jini. Ka je asibiti, ka gaya wa likita daga Najeriya ka zo a gwada maleriya, domin tana iya biyo ka daga gida ta tashi a can.

Naira ba ta canzuwa a can, ka riƙe dala sababbi marasa yagewa ka canza zuwa ringgit a cikin gari. Katin bankinka na iya ƙin aiki. Layin waya da fasfo ake yin rajistarsa, sannan ka sauke manhajar Grab don kiran mota. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu.

Abinci ba matsala, ka nemi tambarin halal a ƙofa, musamman a shagunan 'yan Sin. Shinkafa ce safe da dare, nasi lemak da madarar kwakwa ake dafa ta, a sa gyaɗa da ƙwai da ƙananan kifi. Alƙibla tana wajen yamma, ka duba rufin ɗakinka za ka ga kibiya an rubuta kiblat. Ƙaramin masallaci surau suke ce masa. Shafi'iyya ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya yi ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u, ka bi shi kawai. Azahar sai bayan ƙarfe 1, magariba wajen 7 da 'yan mintuna.

Hannun hagu suke tuƙi, in za ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa. Suna gabanmu da awa 7, ka gaya wa Inna tun yanzu: in ta kira bayan isha'i, kai ƙarfe 3 na dare ne a wajenka. Ku tsayar da bayan sallar asuba ta gida, lokacin kana hutun azahar.