Ƙanena ya fara ɗauke-ɗauke, wai sata gado ce?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ce babba a ɗakinmu, ina da ƙane ɗan shekara 17, da can yaron kirki ne wallahi, amma tunda ya fara zaman fada a kartiyenmu abubuwa suka fara ɓacewa, yau caja gobe jaka biyu ta cefane, kwanan nan kuma portabul ɗin wani mai butiki har sai da muka je komisariya muka biya. Abin da ya fi ƙona min rai ko kunya bai ji ba, cewa ya yi ai mutumin wayoyinshi uku, mi ya rage shi? Inna ta ce sammu ne, kawu ya ce gado ne. Don Allah mine ne gaskiya?
Wata ƴar'uwa daga Bukoki, Yamai

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya shirya mana. Ki ce ma kawu ba a gadon sata. Abin da yaro kan iya tasowa da shi hali ne, kamar gaggawa da rashin iya danne zuciya, sauran kuma gida da abokai ke ƙarasawa.

Ni maganar nan tashi ta wayoyi uku ce ta tsaya min a rai, don nan ciwon yake. Tun 1957 wasu masana biyu a Amurka, Sykes da Matza, suka lura cewa yawancin samarin da ke laifi sun san sarai abin ba kyau, kawai dai kamin hannu ya ɗauka sai sun lallashi zuciyarsu da hujja ta yi shiru. Ai ba wanda ya cutu, ai shi ma mai butikin macuci ne, ai manya miliyoyi suke kwashewa ba a ce komi ba, ai talauci ne ya sa ni, ai ba zan ba abokaina kunya ba. Kin ga hujjar ke riga satar zuwa, kuma koyonta ake kamar karatu, a bakin tukunyar shayi in wani ya ba da labarin abin da ya ɗauko aka yi dariya aka tafa mai. Ba kowace fada ce haka ba, mu ma mun sha shayinmu a fada, ki dai bincika su wa ke zama a fadar da yake zuwa.

Abin da zai ɗan sanyaya miki rai, wata masaniya Terrie Moffitt ta nuna a 1993 cewa masu laifi iri biyu ne, ƴan kaɗan tun suna ƙanana ake ganin mugunta da ƙarya da duka kuma su ne ke ɗorewa, mafi yawa kuwa da balaga suke farawa su bari in sana'a da aure sun zo. Bayaninki ya fi kama da na biyun. Dama gaban ƙwaƙwalwa mai taka ma mutum birki sai wajen shekara 25 yake gama nuna. Amma fa barin lakwal, tramol ko shiga gidan kaso na iya riƙe yaro a cikin laifin.

Don haka ku daina biya mishi a ɓoye. Ya je da ƙafarshi ya dubi idon mai butikin, ya ji lambobin ƴan kasuwa nawa suka ɓace da wayar nan, kuma kuɗin da kuka biya ya maido ko da dako zai yi a kasuwar Katako. Kar ku riƙa kiranshi ɓarawo, in sunan ya kama shi sai ya ce dama ai haka nake. Addu'ar Inna ta ci gaba. In kuma kin ga alamar ƙwaya, ido ja, rashin barci, faɗa ba dalili, ku kai shi sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda ake ce ma Pavillon E, likita ya duba shi.