Inda nake samo waƙoƙin da ba a sawa a rediyo

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji da waƙoƙin da kowa ke ji a Katsina, kana neman na mawaƙan da ba su da kamfani a bayansu. Ni daga wajen masu tura waƙa na fara. Akwai wani yaro a Ƙofar Ƙaura, tebur ɗaya da tsohuwar kwamfuta, kullum in na je nakan ce kada ya ba ni abin da ke tashe, ya buɗe min abin da direbobin Maraɗi suke kawo masa. A nan na fara jin jitar Buzaye, wallahi ranar ban yi barci da wuri ba.

Ka nemi Mdou Moctar, mai kiɗan jitar Buzaye ne ɗan Nijar. Waƙoƙinsa ta mimori da Bluetooth suka fara yawo hannu zuwa hannu kafin Turawa su san shi. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara irin waɗannan da yawa a Bandcamp, wani shafin sayar da waƙoƙi a intanet, kana iya saurare kyauta kafin ka saya.

A manhajar sauraron waƙa ta Audiomack ma akwai yaranmu masu haɗa gurmi da kiɗan zamani. In ka ji wanda ya ratsa ka, tura wa mutum biyu a WhatsApp, ka rubuta sunan mawaƙin don kada ya ɓace a hanya.