Hukuncin Karanta Labarin Sihiri da Wasu Duniyoyi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta malam, ni ɗaliba ce. Na karanta wani ƙagaggen labari mai shafi sama da 500, na gama shi cikin dare huɗu. Labarin wata yarinya ne da ta gaji masaƙa daga kakarta. Duk zanen da ta saƙa, in ta karanta wasu kalmomi a kansa, sai ya zama ƙofa zuwa wata duniya mai kama da tamu. A ɗaya daga cikin duniyoyin ta tarar da mahaifinta da rai, alhali a tata duniyar ya rasu. Gaskiya littafin ya yi mini daɗi ƙwarai, har na yi kuka, domin ni ma mahaifina ya rasu bara. Wata ƙawata ta ce na yi shirka tunda na ji daɗin labarin sihiri. Shin haka ne? Kuma akwai irin waɗannan duniyoyi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa kabarinsa dausayi ne daga dausayin Aljanna.

'Yata, ba ki yi shirka ba. Ƙawarki ta ji tsoron abin da ya cancanci a ji tsoronsa, sai dai ta yi gaggawa, kuma kalmar shirka ba a jifan Musulmi da ita a kan zato.

Sihiri kam babu wasa a cikinsa. Aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta wanke Annabi Sulaimanu daga gare shi, ta ce shaiɗanu ne suka kafirta, suna koya wa mutane sihiri, mala'iku biyu Haruta da Maruta ma a Babila ba su koya wa kowa sai sun ce masa, “Mu fitina ne, kada ka kafirta.” A hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya lissafa manyan zunubai bakwai masu halakarwa, sihiri ya zo na biyu, daf da shirka. Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta dare arba'in. To amma ki lura da abin da nassoshin suka kama: yinsa, koyonsa, koyar da shi, zuwa wurin masu shi da gaskata su. Ke ba ki yi ko ɗaya ba. Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin matsafan Fir'auna, igiyoyinsu da sandunansu da yadda suka rufe idon jama'a, muna karantawa har a cikin salla. Jin labarin abu daban, aikata shi daban.

Saura batun ƙagaggen labari shi kansa, kuma a nan malamai sun yi saɓani. Waɗanda suka hana sun ce ƙarya ce, suka kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai yin narko ga wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya. Suka ƙara da aya ta 6 ta Suratu Luƙman a kan mai sayen zancen shagala. Masu tafsiri sun ambaci cewa Nadru ɗan Harisu ya riƙa kawo labaran Rustum da Isfandiyar na Farisa don ya janye Ƙuraishawa daga sauraron Alƙur'ani. Ina girmama wannan ra'ayi, amma wanda ya fi ƙarfi a wurina shi ne halacci. Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka ba don ya ɗauka haka ne. Mai rubuta ƙagaggen labari da mai karantawa sun san tun daga bangon littafi cewa ƙirƙira ce, babu wanda aka yaudara. Ayar Luƙman kuwa ta faɗi illar da kanta: “don ya ɓatar daga hanyar Allah.” Hariri, marubucin adabin Larabci wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, ya ƙagi wani mutum mai suna Abu Zaid da duk dabarunsa a cikin littafinsa na gajerun labarai hamsin da ake kira Maƙamai, ya kāre kansa a gabatarwa da labaran da ake sa wa a bakin dabbobi, kuma malaman fiƙihu suka yi ta karantar da littafin ƙarni bayan ƙarni.

Halaccin yana da iyaka. Akwai marubutan da sihirin labarinsu wasan tunani ne kawai, kalmomin da babu su a kowane harshe, sanda mai fitar da haske. Akwai kuma waɗanda ke kwaso ainihin surkulle daga littattafan matsafa: sunayen aljanu, zanen ɗalasimai, yadda ake yanka da yadda ake kira. Wannan na biyun koyarwa ce aka lulluɓe da labari, haramun ne a karanta, balle a gwada “don a gani”. Haka littafin da aka gina don ya kambama wasu alloli, ko ya yi izgili da Mahalicci da annabawa, ko ya cika da batsa. Kuma duk littafin da ya cinye sallar asuba, a wannan daren ya zama laifi ko da babu aibi a shafukansa. Kin ce dare huɗu. Ke kika san yadda asubahin kwanakin suka kasance.

Game da wasu duniyoyi: ikon Allah ba ya da iyaka. Shi ne Ubangijin talikai, ya ce a Suratun Nahli yana halittar abin da ba mu sani ba, ya ce a ƙarshen Suratuɗ Ɗalaƙ ya halicci sammai bakwai, da ƙasa kwatankwacinsu. Fakhruddin Razi, wanda ya rasu a 606 bayan Hijira, ya faɗa a tafsirinsa cewa Allah mai iko ne ya halicci duniyoyi dubu sau dubu bayan wannan. Amma yiwuwa daban, tabbatarwa daban. Gaibu ba a tabbatar da shi sai da nassi, kuma babu nassin da ya ce akwai wata ke a wani wuri tana rayuwar da ke ba ki samu ba. Wasu masana kimiyya sun yi hasashen irin haka a lissafinsu, ba su kai ga gani ko aunawa ba. Rai ɗaya aka ba ki, ajali ɗaya, littafin ayyuka ɗaya.

Wannan ne ma wurin da ya fi damuna a wasiƙarki, fiye da masaƙar da kalmomin. Kukan da kika yi babu laifi a cikinsa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da ya yardar da Ubangijinmu. Abin tsoro shi ne irin wannan labari kacokan an gina shi ne a kan kalmar “da”: da an kai shi asibiti da wuri, da bai yi tafiyar nan ba, da yana nan. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce idan wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ya ƙaddara, abin da ya so ya aikata, domin “da” tana buɗe aikin Shaiɗan. Wanda bai yi rashi ba zai wuce wannan babi ya manta. Ke kuwa mikinki ɗanye ne. Ina jin tsoron ki rufe littafin ki kwanta kina saƙa taki ƙofar a zuci, kina jin kamar an zalunce ki da aka bar ki a duniyar da babu shi.

Saboda haka ki binciki kanki. In abin da ya rage miki daga littafin shi ne daɗin labari da kewar uba, karatunki halal ne, babu kaffara, babu abin da ya taɓa imaninki. In kuwa kin fara burin da ma kina da sihirin da zai dawo da shi, ko kin fara jin haushin ƙaddara, to ki ajiye shi da ire-irensa har zuciya ta warke, ki yi istigfari. Mahaifinki yana barzahu, wannan kam nassi ya tabbatar, kuma hadisin Muslim ya ce aikin ɗan Adam na yankewa da mutuwarsa sai abu uku, cikinsu har da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ki yawaita masa ita a sujada, ki yi sadaka da sunansa gwargwadon ikonki, ki riƙa gaida 'yan'uwansa da abokansa. Ƙawarki kuma ki karanta mata wannan amsa cikin lumana.

Wallahu a'alam.