Kun Tambaya: Bashin Meri, Rangwamen Lanho da Rancen Banki

Tambaya: Ina sayar da siminti da ƙarfe a Sabon Gari. A 2023 na ba wata kwamin ta karkara kayan jika 900 don gyaran aji biyu, bisa maganar magajin garinta. Shugaban riƙon da ya gaje shi ya ce bai tarar da sunana a takarda ba. Kuɗina sun faɗi ke nan?

Amsa: Alhaji, bashin kwamin, wato ƙaramar hukuma, yana kan kwamin ne, ba kan wanda ya zauna kujerar ba. Rushe majalisun garuruwa da aka yi a Nijar a Afrilun 2024, aka naɗa shugabannin riƙo, bai goge ko dala ɗaya ba. Matsalarka ita ce ko abin da ke hannunka ya isa a kira shi bashi.

Kafin kuɗi su fita daga asusun kwamin, sai an ware su a layin da ya dace cikin kasafin shekarar, a ba ka bon, wato takardar odar kaya, mai sa hannu da hatimi. Ka kai kaya, a ƙirga, a rubuta takardar karɓa. Sannan magajin gari ya sa hannu a manda, wato umarnin biya, mai riƙe da asusu kuma ya biya. An raba mai ba da umarni da mai riƙe kuɗi da gangan. Idan mai riƙe da asusu ya biya abin da takardunsa ba su cika ba, daga aljihunsa zai mayar, shi ya sa roƙo da haɗa shi da Allah ba sa motsa shi.

Duba abin da kake da shi. In akwai bon da takardar kai kaya da faktir, wato takardar kuɗin kaya, mai lambarka ta biyan lanho (NIF), haƙƙinka a tsaye yake. Rubuta wa shugaban riƙo wasiƙa, ka haɗa kwafi, ka ajiye a sakatariya, a buga maka hatimin ranar karɓa a kwafin da za ka riƙe. Nemi a sa kuɗinka cikin basussukan baya na kasafin da ake shiryawa. In an yi shiru, kai kuka wurin parfe, wakilin gwamnati a gundumar, domin shi ke duba kasafin kwamin, kuma bashin da ya tabbata yana cikin abin da dole a tanadi kuɗinsa.

In babu bon, aikin ya fi wuya. Nemi shaidar daraktan makarantar da magini a rubuce, da hoton ajin, da duk wata ƴar takarda da wani ma'aikacin meri ya sa wa hannu ranar sauke kaya. Da su za ka nemi kwamin ta amince da bashin, ko ka je kotu. Ko ka yi nasara, ba a kama motar meri ko ofishinta a sayar, biya dai ta kasafi zai biyo.

Kada ka zauna kana jiran alƙawarin baki. Bashin da ke kan hukuma yana faɗuwa bayan shekara 4 in ba a neme shi ba, ana ƙirgawa daga 1 ga Janairun shekarar da ta biyo. Naka ya fara ƙirguwa daga farkon 2024, ke nan ƙarshen 2027 ne iyaka. Wasiƙa mai hatimi ita ke katse ƙirgen. Gaba kuma, ko da bon a hannu, tambayi ko akwai kuɗi a asusu. Kasafi hasashe ne, kuma kwamin ɗin karkara ta fi samun kuɗi bayan kaka, lokacin da masu gari ke tara lanho, kasuwanni suna ci. Wanda ya kai kaya da damina yakan sha jira.

Tambaya: Na buɗe wurin matsar man gyaɗa a Garin Malam, na ɗauki mata 8 aiki. Shin magajin gari zai iya yafe mini lanho na shekara biyu har in tsaya da ƙafata?

Amsa: Hajiya, Allah Ya sa albarka. Amma a'a, ba shi da wannan iko. Abin da kike biya kashi biyu ne. Fatanti, wato lanhon sana'a, da TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, ofishin lanho na ƙasa ke karɓa. Ko da wani kaso na fatanti yana komawa asusun gari, doka ce kaɗai ke yafe shi. Kashi na biyu na garin ne: tikitin kasuwa, hayar rumfa, kuɗin allon talla. Wannan ana tsaida farashinsa a shawarar majalisar gari ko wanda ke riƙe da ikonta, cikin iyakar doka, kuma ga rukunin masu sana'a ake yi, ba ga mutum ɗaya ba. Don haka ki haɗa kai da sauran masu matsar mai ku nema a ƙungiyance, kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa.

In kina ganin an ɗora miki fiye da cinikinki, rubuta ƙorafi ga ofishin lanho, ki haɗa littafin saye da sayarwa. Kina iya neman biya kashi-kashi. In kin rufe wurin, sanar da su a rubuce, in ba haka ba lissafi zai ci gaba da hawa da tara a kai. Dokar zuba jari ta 2014 tana sauƙaƙa harajin injuna, sai dai ana neman izininta kafin a shigo da kayan, kuma ta fi dacewa da jari mai nauyi. Rangwamen da mai karɓa zai yi miki a bakin ƙofa ba tare da resi ba, wata rana za ki sake biyansa.

Tambaya: Me ya hana meri ta ci bashin banki ta gina shaguna maimakon jiran masu tallafi?

Amsa: Malam, dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ba ta hana ba, muddin don gini ne ba albashi ba, kuma hukumar da ke sa ido ta amince. Lissafi ne ke hanawa. Ɗauki misali: rancen miliyan 50, ruwa kashi 10, shekara 5. Biyan kowace shekara ya ɗan haura miliyan 13. Shago 40 a jika 15 kowane wata, ko duk masu haya sun biya, miliyan 7.2 ne a shekara. Cikon kusan miliyan 6 daga kuɗin kwashe shara da yashe magudanai zai fito. Banki ma abin da aka karɓa a zahiri a shekarun baya yake dubawa, ba abin da aka rubuta a kasafi ba. A ganinmu a fara neman tallafin ANFICT, hukumar da aka kafa a 2008 don kuɗin ƙananan hukumomi, a ranci cikon kaɗai, kuma don tasha ko kasuwar dabbobi da aka riga aka ƙirga abin da take shigarwa kowace ranar kasuwa.