Jigin Gashi da na Marabu a Kogi: Amsar Maigida ga Yaronsa

"Maigida, Allah ya ƙara girma. Jigin nan da na ɗaure, na cika musu gashi sun yi kyau, na yini a kogi ina jefawa ina fizga, kifin bas ko ɗaya bai taɓa ba. Gashin ne bai yi ba, ko marabu ya kamata in sa?"

To, ɗana, ka faɗi laifin biyu da bakinka: ka cika gashi, kuma ka yi ta fizga. Kawo ɗaya mu duba.

Jigi dai ƙugiya ce mai kan dalma, an yi mata jela. Ka ɗaga wannan naka ka kalli haske ta cikinsa. Ba ka ganin komai, ko? Wanda aka ɗaure daidai, sai ka hango jikin ƙugiyar ta tsakanin gashin. Gashin jelar barewar Amurka, musamman na wajen gindin jela, yana da rami a cikinsa kamar kara, shi ya sa yake son tasowa sama. In ka tula shi, jigin ba zai nutse da wuri ba, ruwa zai kwashe shi kafin ya isa ƙasa inda kifin yake. Silin gashin kuma suna danne juna, ba sa buɗewa su rufe, ga shi sun toshe bakin ƙugiya. Ɗebi gashi daga tsakiyar jela zuwa ƙarshenta, nan ya fi laushi, ba ya tashi tsaye in zare ya matse shi. Ƙulli uku ƙanana, kowanne kaurin tsinken ashana, ka jera su kewaye da wuyan jigin. Tsawon duka santimita 6 zuwa 8. In ya yi tsawo, ka rage ta gindi kafin ka ɗaure. Kada almakashi ya taɓa bakin gashin, domin siririn bakin nan shi ne mai rawa a ruwa.

Marabu kuwa gashin tsuntsu ne mai laushi kamar auduga. Sunan ya samo asali daga tsuntsun nan namu na Afirka, babba-da-jaka, wanda a da ake cirar lallausan gashin ƙarƙashin jelarsa, amma na kasuwa yau na talotalo ne da aka rina. Gashi ɗaya ko biyu sun isa jigi guda. Wurin sa gam ka kula sosai: ɗigo ɗaya a kan zaren kawai, da bakin allura. Marabu yana shan gam yadda lagwani ke shan kananzir, in ya sha ya sandare, aikin ya tashi.

Yanzu wanne ake sawa yaushe. Bas mai ƙaramin baki kifin ruwa mai tsabta ne mai gudu kan duwatsu, irin kogin Susquehanna da Potomac na Amurka, da Saint Lawrence da ke tsakanin Amurka da Kanada. Abincinsa jatan landen ruwan daɗi, da 'yan ƙananan kifaye, da matsattsaku, da tsutsotsin ƙwari na ƙarƙashin dutse. Idan ruwa ya yi sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin salshiyas, jikinsa yakan mutu, ya bar wurin gudu ya tare a gurbi mai zurfi inda ruwa ke tafiya a hankali, galibi mita 2 zuwa 5. Ba zai kori abinci ba. Nan ne jigin gashin barewa ko na zomo yake aiki, launin ƙasa ko baƙi ko ruwan ganye mai duhu, nauyin giram 3.5, ko 7 in gurbin ya yi zurfi.

Ka jefa shi a karkace zuwa sama, wajen da ruwa ke fitowa, ka bar shi ya sauka har ka ga zaren ya saki. Sai ka ja shi da sanda, ba da naɗi ba, kamar taƙi ɗaya ko biyu, ka tsaya. Ƙirga biyar. In ruwan ya kusa ƙanƙara, ƙirga goma ko ashirin. A wannan tsayuwar kai kana ganin ba abin da ke faruwa, alhali ruwa na kaɗa gashin yana buɗewa yana tsukewa, kuma a lokacin ne kifi ya fi ɗauka. Fizgar da ka yini kana yi tana ɗauke jigin daga gaban kifin da ba shi da ƙarfin binsa. Cizon ma ba bugu ba ne. Za ka ji nauyi kawai kamar jiƙaƙƙen ganye ya rataya, ko ka ga zare ya gusa gefe. Ɗaga sanda a tsanake ka ci gaba da naɗi. Ƙugiyar siririya ce, lamba 1 ko 1/0, za ta shiga da kanta.

Marabu sha'aninsa daban, kuma nan mutane suka fi kuskure. Ba a jansa a ƙasa, laka da gansakuka za su manne masa. Iyo yake yi. Idan ruwa ya fara ɗumi, ya yi garau, kifi ya fito fili mai zurfin mita 1 zuwa 3, ka ɗauki baƙin marabu na giram 1.8 ko 2.7. Jiƙa shi tukuna, busasshe iska ke riƙe shi ba ya nisa. Jefa nesa, domin a ruwa garau kifi na ganinka kafin ka gan shi. Ƙirga biyu ko uku, ka ɗaga bakin sanda, ka fara naɗi a hankali, gudu ɗaya, ba tsayawa ba karkaɗawa. In ya taɓa dutse ka ɗan ƙara sauri, in kana hango shi a sama ka rage. A ganina baƙi ya fi kowane launi, don ya yi kama da matsattsaku kuma inuwarsa na fitowa sarai ga kifin da ke kallo daga ƙasa.

Abu mara nauyi haka ba ya jefuwa da sanda mai tauri. Nemi mai laushin baki, tsawon mita 2.1 zuwa 2.3, da siririn zaren kitso, ka ƙulla masa fulorokabon, wato zaren roba garau mai wuyar gani a ruwa, mai ɗaukar kilo 3, tsawon mita biyu. Bayan kowane kifi ka shafa ƙarshen zaren da yatsa, in ka ji kaushi dutse ya ci shi, yanke ka sake ɗauri.

Zaɓen nauyi gwaji ne: in jigin gashi na maƙalewa kowace jefa, ya yi nauyi, in ba ka jin ƙasa sam, ya yi sauƙi. In ya maƙale kada ka ja da ƙarfi, ƙara cusa shi za ka yi. Ja zaren da yatsa kamar tsirkiyar baka ka saki farat ɗaya, ko ka koma ta sama ka jawo shi ta hanyar da ya shiga.

Ka kuma duba dokar jihar da kake kafin ka zuba dalma. Jihar New Hampshire ta Amurka ta hana jigin dalma mai nauyin giram 28 zuwa ƙasa a ruwan daɗi tun 2016, saboda tsuntsayen ruwa na haɗiye shi su mutu. A can sai kuza ko tangistin, wani ƙarfe mai nauyi. In ka dawo gida, shanya jigin a inuwa su bushe kafin su shiga akwati, in ba haka ba ƙugiya ta yi tsatsa, launi ya zuba a kan sauran.

Ɗauko reza ka kwance waɗannan naka. Gashin jigi ɗaya zai ɗaure maka uku.